Dawowar Futurama da iyakar ƙarfin masoya

A ranar 24 ga Yulin 2023, dandalin kallon finafinai ta intanet na Hulu da ke Amurka ya saki sabon kashi na Futurama, shirin zane mai motsi da ya haɗa barkwanci da ƙagaggen labarin kimiyya, kusan shekara goma bayan an rufe shi a karo na biyu. Tun daga ranar da aka ba da sanarwar dawowarsa, cikin Fabrairun 2022, masoyan shirin ba su daina muhawara ba. Wasu sun yi murna kamar an sako musu ɗan'uwa daga kurkuku. Wasu sun ce an tone kabarin da aka riga aka rufe cikin mutunci. Wasu kuma sun yi barazanar ƙaurace wa shirin baki ɗaya saboda rikicin albashin ɗaya daga cikin masu sanya murya. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa wannan shafi da katun ɗin Amurka. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da ke ƙarƙashin muhawarar, wadda ta shafi duk mai ci da guminsa da duk mai biyan kuɗi don ya yi kallo: idan jama'a suka riƙe wani aiki da hannu biyu har ya rayu, wa ke da iko da shi, kuma wa ke kwashe amfanin?

Matsayin wannan jarida shi ne masoya suna da ƙarfi na gaske, amma ƙarfin yana da iyaka, kuma tarihin Futurama ya nuna daidai inda iyakar take. Kiransu ya isa ya sa kamfani ya ga cewa akwai sauran kuɗi a cikin tsohon suna. Bai isa ya sa kamfanin ya ƙara wa ma'aikaci ko sisi ba, bai kuma isa ya dawo musu da ƙuruciyar da suka kalli shirin a cikinta ba. Masoyin da ya fahimci haka zai san inda ya kamata ya kashe ƙarfinsa.

Ga wanda bai san shirin ba, Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro The Simpsons, shi ne ya ƙirƙiro Futurama, ya tsara shi tare da David X. Cohen. Tashar Fox ta fara haska shi a ranar 28 ga Maris na 1999, kuma mutum miliyan 19 suka kalli kashin farko. Labarin wani saurayi ne mai suna Fry, ɗan aike a shagon fiza na birnin New York, wanda ya faɗa cikin akwatin daskarewa a daren ƙarshe na shekarar 1999, bai farka ba sai bayan shekara dubu. Ya tarar duk wanda ya sani ya daɗe da mutuwa, sai ya samu aiki a wani ƙaramin kamfanin kai kaya zuwa duniyoyin sama jannati. A nan ya yi aiki tare da Leela, matuƙiyar jirgin kamfanin mai ido ɗaya, da Bender, mutum-mutumin ƙarfe mai shegen baki, mashayi, ɓarawo, wanda duk da haka shi ne aminin Fry.

Ma'aikacin gwamnati da ya kalli shirin ba zai rasa ganin wani da ya sani a ciki ba. Hermes Conrad, akawun kamfanin, jami'i ne mai mataki na 36 a wata babbar hedikwatar ma'aikata da ke kula da takardun duniya baki ɗaya, inda mutum kan tsufa a kan layi yana jiran takarda guda. A wani kashi na shekarar 2000, Hermes ya tace tulin fayilolin da suka taru a hedikwatar, sai aka rage masa mataki saboda ya gama aikin daƙiƙa biyu kafin cikar lokaci, tunda a ƙa'idar gidan nagartaccen jami'i ba ya gama aiki da wuri. Irin wannan zolaya, wadda ake sakawa a shekara ta 3000 alhali da mutanen yau ake, ita ce jarin shirin tun farko.

Abu na biyu da ya ɗaure masoya shi ne zurfin ilimin marubutan. Cohen ya karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya yi digiri na biyu a ilimin kwamfuta a Berkeley. Ken Keeler yana da digirin digirgir a lissafi. A wani kashi na 2010, wata na'ura ta riƙa musanya tunanin mutane daga jiki zuwa jiki, amma ba ta yarda ta musanya jiki biyu da ta riga ta musanya ba. Keeler ya zauna ya tabbatar a lissafce cewa duk yadda aka cakuɗa, idan aka kawo sababbin mutum biyu za a iya mayar da kowa jikinsa, aka kuma rubuta hujjar a kan allo cikin shirin. Ga kuma iya taɓa zuciya. Kashin da aka haska a Nuwamban 2002, wanda ya nuna karen Fry yana zaman jiran ubangidansa a ƙofar shagon fiza har shekara 12, har yau masoya na ambaton sa a matsayin wanda ya fi sa su kuka.

Duk da haka Fox ba ta riƙe shirin da daraja ba. Ta riƙa sauya masa lokaci, ta ajiye shi da ƙarfe bakwai na yammacin Lahadi, inda wasan ƙwallon Amurka ke yawan cinye lokacinsa. A watan Agustan 2003, bayan kashi 72, aka daina. A nan ne ƙarfin masoya ya fara bayyana, kuma yana da kyau a lura da siffar da ya ɗauka. Sun riƙa kallon maimaici a sashen Adult Swim na tashar Cartoon Network daga 2003 zuwa 2007, sun riƙa sayen faifan DVD da yawa. Wannan alƙaluma ne suka sa aka shirya finafinai huɗu na faifai tsakanin 2007 da 2009, daga baya aka yanyanka su zuwa kashi 16 don talabijin. Takardun koke da sa hannu sun yi nasu amfanin wajen jan hankali, amma abin da ya motsa kamfani shi ne abin da ya shiga asusunsa.

Daga nan tashar Comedy Central ta karɓa. A Yunin 2009 ta ba da odar sababbin kashi 26. Ba a yi nisa ba sai ga rikicin kuɗi: cikin Yulin wannan shekarar kamfanin 20th Century Fox, mai mallakar shirin, ya ce tattaunawa da masu sanya murya ta wargaje, ya fitar da sanarwar neman waɗanda za su maye gurbinsu. Masoya suka yi ca, kafin ƙarshen watan aka daidaita, kowa ya koma bakin aikinsa. Shirin ya ci gaba daga Yunin 2010 har zuwa 4 ga Satumban 2013, inda jimillar kashin ta kai 140. Ya kamata a riƙe wannan barazana ta 2009 a zuci, domin za ta sake dawowa da kamanninta.

Me ya sauya tsakanin 2013 da 2022? Mai gida ne ya sauya. A Maris na 2019 kamfanin Disney ya kammala sayen mafi yawan kadarorin 21st Century Fox a kan dala biliyan 71.3, Futurama na cikin kayan da ya gada, haka ma rinjaye a dandalin Hulu. A lokacin kuwa dandalolin kallo ta intanet suna gasar tara masu biyan kuɗin wata-wata. Sabon shiri caca ne, sai an kashe kuɗin talla kafin a san ko zai karɓu. Tsohon suna kuwa da jama'arsa yake zuwa, ga tsofaffin kashi 140 da sabon zango zai sa a koma a sake kallo. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma manyan Hollywood sun daɗe da gane haka. Don haka a ranar 9 ga Fabrairun 2022 Hulu ya ba da sanarwar sababbin kashi 20.

Murnar ba ta kwana ba. A jerin sunayen da aka fitar akwai Billy West, mai muryar Fry da wasu taurari da dama, akwai Katey Sagal mai muryar Leela, akwai sauran tsofaffin hannu, amma babu John DiMaggio, mai muryar Bender tun 1999. Rahotanni suka nuna cewa ya ƙi amincewa da tayin da aka yi masa, kuma an fara neman wani. Bayan 'yan kwanaki DiMaggio ya yi bayani da kansa. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce a ganinsa dukan abokan aikinsa sun cancanci ƙarin kuɗi, shi ma yana ciki, cewa maganar ta mutunci ce, kuma ya gaji da masana'antar da ke cin moriyar lokaci da basirar masu fasaha. Nan da nan maudu'in #Bendergate ya cika shafukan sada zumunta. Masoya suka yi alwashin ba za su kalli Bender da baƙuwar murya ba, wasu fitattun abokan sana'arsa ma suka fito suka goya masa baya.

A ranar 1 ga Maris na 2022 aka sanar cewa DiMaggio ya dawo. Masoya suka ɗauki abin a matsayin nasararsu, aka yi ta taya juna murna. Amma cikin watan Mayu, a wani taron masoya a birnin Phoenix, DiMaggio ya bayyana cewa bai samu ƙarin kuɗin da ya nema ba, abin da ya samu shi ne girmamawa daga abokan sana'a. Wato dai kamfanin ya samu muryar da yake so a farashin da ya yanka tun farko, ya kuma samu tallar makonni uku kyauta, domin duk wanda ya manta da Futurama ya tuna da shi a wannan tsakanin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne wannan jarida take ganin masoya sun yi gaggawar sauke tuta. Abin da yawancinsu suka nema shi ne su ji muryar da suka saba da ita. Da zarar an tabbatar musu za su ji ta, sai zancen ya mutu, ba a ƙara tambayar a kan wane sharaɗi mai muryar ya dawo ba. Da a ce damuwar ta albashin ma'aikaci ce, da ranar da DiMaggio ya faɗi gaskiyar abin da ya faru ta zama ranar da hayaniya za ta fi tashi. Ba laifi ba ne mutum ya so jin daɗinsa, amma bai dace a kira biyan buƙatar mai kallo da sunan nasarar ma'aikaci ba. Duk wanda ya taɓa bin tattaunawar albashi tsakanin ƙungiyar ƙwadago da mai ɗaukar aiki ya san bambanci tsakanin komawa bakin aiki da samun abin da aka fita nema.

Abin da ya biyo baya ya nuna hanyar da ta fi ɓullewa. Sabon zangon Futurama ya fito ne a tsakiyar yajin aiki biyu. Marubutan Hollywood sun ajiye alƙalami daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumban 2023, kwana 148. 'Yan wasa kuma, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA, sun yi nasu daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamba, kwana 118. Manyan ƙorafe-ƙorafensu biyu ne: ƙarancin kason da dandalolin intanet ke biya idan ana ta sake kallon aikin mutum, da fargabar a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a kwaikwayi rubutunsa ko fuskarsa ko muryarsa. Sun fito da yarjejeniyoyi a rubuce masu ƙarin albashi da sharuɗɗa a kan wannan fasaha. A Maris na 2024 kuma mambobin SAG-AFTRA suka amince da wata yarjejeniya ta daban kan shirye-shiryen zane na talabijin, wadda ta fayyace cewa idan an ce mai sanya murya, ɗan Adam ake nufi. Abin da mutum ɗaya mai miliyoyin masoya ya kasa samu a 2022, dubban ma'aikata da suka haɗa kai sun samu wani kaso nasa.

Rukuni na biyu na masoya damuwarsu daban ce. Su a ganinsu shirin ya riga ya ƙare yadda ya kamata. A kashin ƙarshe na 2013, wata na'ura ta lalace lokaci ya tsaya cik, kowa ya daskare sai Fry da Leela. Suka ɗaura aure, suka zagaya duniyar da ta yi tsit, suka tsufa tare. A ƙarshe tsohon farfesan kamfanin ya ɓullo ya gyara na'urar, ya ce zai mayar da kowa baya, amma za su manta da duk rayuwar da suka yi. Suka amince, aka rufe labule. Masu wannan ra'ayi sun ce ƙarshe irin wannan ba ya buƙatar ƙari, kuma duk sabon kashi yana rage masa nauyi.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba ma raina ta. Labarin da ba ya ƙarewa yakan rasa ma'anar abin da ke faruwa a cikinsa, domin mai kallo ya san babu rabuwar da za ta tabbata. Sai dai akwai abin da ya kamata a tuna. Futurama ya yi bankwana har sau huɗu: a 2003, a fim na huɗu na 2009, a wani kashi na 2011 da aka rubuta don ko-ta-kwana, sai kuma 2013. Ken Keeler ne ya rubuta su duka, kuma kowanne an bar masa ƙofa a buɗe. Da an bi ra'ayin waɗanda suka ce bankwanan 2003 ya wadatar, da ba a samu na 2013 da ake karewa yanzu ba, da kuma ba a samu kashin nan na tafiya gaba cikin lokaci ba, wanda ya ci lambar yabo ta Emmy a 2011. Sabon zango bai goge tsohon kashi daga faifan kowa ba. Wanda ya ga labarin ya ƙare masa a 2013 yana da cikakken 'yancin ya tsaya a nan.

Rukuni na uku, waɗanda suka fi yawan magana bayan an fara haskawa, sun kalla ne suka ce gishirin ya ragu. Babban ƙorafinsu shi ne shirin ya koma bin labaran yau da kullum. A zangon 2023 an yi kashi kan kuɗin kirifto, an yi kan wani katafaren kamfanin sayar da kaya ta intanet da kowa ya san da Amazon ake, an yi kan annoba da rigakafi, an yi kan al'adar juya wa mutum baya saboda katoɓara. Zangon 2024 ya buɗe da zolayar hotunan NFT. Matsalar ita ce zane mai motsi ba ya sauri. Daga rubutu zuwa ɗaukar murya zuwa zane, wanda kamfanin Rough Draft ke yi tsakanin Kalifoniya da Koriya ta Kudu, watanni masu yawa ke wucewa. Kashin annoba ya fito ne a Satumban 2023, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona tun 5 ga Mayun shekarar. Kashin kirifto ya zo ne watanni bayan rushewar kamfanin FTX a Nuwamban 2022. Barkwancin da ya iso bayan kowa ya gama dariya a kan batun, dole ya yi lami.

A wannan gaɓar masu suka suna da gaskiya, amma ba duka ba. Tsohon Futurama ma bin zamaninsa ya yi. A 1999 ya zolayi fim ɗin Titanic. A 2001 ya yi kashi kan satar fasaha ta intanet lokacin da rikicin Napster ke tashe. A 2002 ya yi kan ɗumamar yanayi, har tsohon Mataimakin Shugaban Amurka Al Gore ya sanya muryarsa. A 2010 ya zolayi wayar iPhone da shafin Twitter, kuma a lokacin ma an yi irin wannan ƙorafi na cewa shirin ya lalace. Abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwa tana tace abin da ya wuce. Daga cikin kashi 140 mutum yakan riƙe goma sha biyar da suka burge shi, ya manta da raunana, sannan ya ɗauki kowane sabon kashi ya auna shi da waɗancan zaɓaɓɓu. Ga kuma shekaru. Wanda ya kalli shirin yana ɗan sakandare a 1999, yau magidanci ne mai kuɗin makaranta a wuyansa. Muryoyin ma sun manyanta, domin an haifi Billy West a 1952, Katey Sagal kuma a 1954. Wani ɓangare na abin da masoyi ke nema a allon, a cikin rayuwarsa ya ɓace, babu marubucin da zai iya dawo masa da shi.

Abin lura shi ne kashin da masoya suka fi yabawa a sabon zango su ne waɗanda suka bar labaran jarida suka koma ga abin da shirin ya ƙware a kai. A 2003 an nuna 'ya'yan Amy da Kif, waɗanda aka haifa kamar talibambam aka sake su cikin fadama, aka ce sai bayan shekara ashirin za su fito. A 2023, shekara ashirin cif, shirin ya cika alkawari, ya mayar da batun labarin fargabar zama uwa. Kashin ƙarshe na zangon, wanda Cohen ya rubuta, ya tambayi ko duniyar da ake ciki kwaikwayo ce a cikin kwamfuta, da kuma abin da hakan ke nufi ga Bender, wanda shi kansa lissafi ne a cikin ƙarfe. Waɗannan sun nuna cewa marubutan ba su ƙare ba. Kashin farko ma ya nuna sun san halin da suke ciki, domin a cikinsa jaruman sun yi ta fafutukar farfaɗo da wani tsohon shiri da aka soke, a wani dandali mai suna Fulu, suna zuba kashi marasa inganci don kawai kada allon ya tsaya. Marubucin da ya zolayi mai biyan sa haka ya riga masu suka faɗin abin da za su faɗa.

Ta fuskar kasuwanci kuwa hukunci ya riga ya fito. A Nuwamban 2023 Hulu ya ƙara ba da odar kashi 20, zango na gaba ya fito a Yulin 2024, wani kuma a Satumban 2025. Mai yabo da mai zagi duk alƙalami ɗaya ne a wurin dandali, matuƙar sun kunna sun kalla. Wannan ita ce iyakar da muka ambata tun farko. Kamfani yana jin harshen lamba, kuma mai kallon da ya biya kuɗin wata don ya samu abin kushewa ya jefa ƙuri'ar a ci gaba, ko ya sani ko bai sani ba.

Batun murya ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya kalli finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa a Kano ya san cewa sau da yawa muryar mai fassara ce ke sayar da fim, har masu kallo kan gane ta kafin su gane fuskar jarumin, su ɗauki salon maganarta su shigar cikin hirarsu. Amma mai kallo nawa ne ya taɓa tambayar yadda ake biyan mai wannan murya, ko yana da wani kaso idan fim ɗin ya yi ta yawo a wayoyi da shafin YouTube? Idan mutum mai suna irin na DiMaggio, a ƙasar da ke da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi a harkar fim, an iya yi masa barazanar maye gurbi, sai a yi tunanin halin wanda ba shi da takardar yarjejeniya ko ɗaya, a zamanin da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sauti.

Saboda haka muna kira ga masoya, na Futurama da na kowane shiri da ake shirin tayarwa, su sauya tambayar da suke yi. Kafin a nemi a dawo da shiri, a tambayi ko masu yin sa suna da sabon abin faɗi. Idan rikicin albashi ya taso, a bi shi har ƙarshe, a ji yadda aka kwashe, kada a watse da zarar an samu abin kallo. Idan sabon zango bai gamsar ba, hanyar da kamfani ke ji ita ce a kashe allo, a mayar da kuɗin ga sabon aiki da ke neman masu kallo. Futurama kansa sabon abu ne a 1999, kuma da masu kallon wancan lokacin sun nace sai abin da suka saba, da bai ga rana ba.

Ga kamfanoni kuwa, tsohuwar zuma tana ƙarewa idan ba a kiwon ƙudan da ke yin ta. Sunan da Disney ya saya a 2019 marubuta da masu zane da masu murya ne suka gina shi cikin shekara ashirin, sau biyu kuma aka nuna wa masu muryar ƙofa a lokacin da ake shirin cin ribar aikinsu. Adalci shi ne duk lokacin da aka tayar da tsohon shiri, a sake duba rabon waɗanda suka sa ya cancanci tayarwa. Hukumomin da ke kula da haƙƙin mallaka da harkar finafinai a nan gida, da ƙungiyoyin masu sana'ar, su ma ya dace su fara tanadin ƙa'ida kan mallakar murya da rubutacciyar yarjejeniya tun yanzu, kafin fasahar kwaikwayo ta zama ruwan dare a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Legas.